Taga da Tarihi: Wa Zai Saurari Ƙarar Mai Gida?

Gabatarwa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, mai yiwuwa wanda ya ga kan wannan maƙala ya ce, "Ashe har taga ta isa a ɓata mata takarda da tawada?" To, lalle ta isa, domin Hausawa kan ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. A ƙasashen da suka kafa dokokin kiyaye tsofaffin gidaje, taga tana cikin manyan abubuwan da ke haɗa mai gida da hukuma husuma. Mai gida yana son iska da haske da tsaro, hukuma kuwa tana son fuskar gida ta zauna yadda magabata suka bar ta.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wannan husuma da idon mutumin Funtuwa da Malumfashi, inda tsofaffin gidajen ƙasa ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk dokar da za ta hana mutum taɓa gidansa saboda tarihi, wajibi ne ta zo da abu biyu, watau hanyar ɗaukaka ƙara mai sauƙi kusa da shi, da kuma taimako wajen ɗaukar nauyin gyara. Idan aka rasa waɗannan, dokar da kanta ce za ta rushe gidajen da aka yi ta domin su.

Yadda Abin Yake a Wasu Ƙasashe

Bari mu fara da inda husumar ta daɗe. A Ingila akwai dokar 1990 wadda ke kula da gine-ginen da aka sa cikin jerin tarihi, waɗanda yawansu ya haura 370,000, an kuma kasa su daraja uku. Da yawa daga cikinsu gidaje ne da masu su ke zaune ciki. Idan mai irin wannan gida ya so cire tsohuwar tagar katako ya sa ta roba mai gilashi biyu don maganin sanyi, sai ya nemi izini daga ƙaramar hukuma. In an hana shi, yana da wata shida ya ɗaukaka ƙara zuwa ga wata hukuma ta sufetoci wadda ba ta ƙarƙashin waɗanda suka hana shi. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙarar. Sufeto yakan zo ya ga gidan da idonsa, sa'an nan ya rubuta hukunci tare da dalilansa. Wani ya ci, wani ya faɗi, amma kowa ya san an saurare shi.

Nan kusa da mu kuma akwai birnin Jenne na ƙasar Mali, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1988 saboda gine-ginensa na ƙasa. Wannan daraja ce babba, amma mazauna garin sun sha kokawa cewa an ɗaure musu hannu: mutum yana son faɗaɗa ɗaki, ko gyara makewayi, ko shigo da kayan zamani, ƙa'ida ta tare shi, kuɗin yaɓe na kowace shekara kuwa a wuyansa yake. A 2016 sai da aka sa garin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Darasin a fili yake. Hani kaɗai ba ya riƙe gini. Mai riƙe gini shi ne wanda ke kwana a ciki, in ya yarda da abin da ake yi.

Matsayin Taga a Ginin Bahaushe

Kafin mu yi hukunci, ya kamata mu san dalilin da ya sa magina na da suka ƙanƙanta taga, suka kuma kai ta can sama kusa da rufi. Dalili na farko shi ne yanayi. Bangon tubali mai kauri yakan tsare zafin rana da yini, ya sake shi sannu a hankali da dare, saboda haka soro yakan yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu. Babbar kafa a bango tana ɓata wannan tsari, ta kuma shigo da ƙurar hunturu da feshin damina. Na biyu, ginin ƙasa yana ɗaukar nauyinsa ne da jikin bango, azarar da ake ɗorawa bisa kafa kuwa tana da iyakar faɗin da za ta iya ɗauka. Na uku shi ne sutura. Gidan Bahaushe ciki yake kallo: daga zaure a shiga ƙofar gida, a wuce shigifa, sa'an nan a kai cikin gida, duk domin kada idon baƙo ya faɗa kan iyali. Na huɗu kuwa tsoron ɓarawo ne.

Ke nan ƙaramar taga hikima ce wadda ta dace da zamaninta. Amma fa sai mu tuna cewa ginin Bahaushe bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Masu nazarinsa, irin su Hamman Tukur Sa'ad da Dmochowski da Schwerdtfeger, sun nuna yadda magina suka riƙa karɓar sabon abu suna mai da shi nasu. Zanen fuskar gida da muke alfahari da shi a Zariya da Kano ya ƙara bunƙasa ne a ƙarni na 20, har magina suka riƙa zana keke da mota da jirgin sama a jikin bango. Da a ce akwai hukumar da ta hana magina sabon abu a wancan zamani, da yawancin abin da muke son a adana yau ba a ma yi shi ba.

Abin da Dokarmu ta Tanada

A Nijeriya an yi dokar kayayyakin tarihi a 1953. A ƙarƙashinta aka ayyana wurare irin su Gidan Madaki na Kafin Madaki, da Gidan Makama da ganuwar Kano, da hasumiyar Gobarau da Durɓi-ta-Kusheyi a ƙasar Katsina. A 1979 aka sake ta da Doka ta 77, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa.

Bisa ga yadda aka rubuta dokar ta 1979, idan hukumar ta so a ayyana wani abu, sai ta buga sanarwa a jaridar gwamnati ta Gazet, ta kuma aika wa mai shi. Wanda bai yarda ba yana da wata biyu ya kai kukansa. To, wa zai kai wa? Ita dai hukumar da ta nemi a ayyana. Idan an ayyana, mai abu yana da hakkin diyya, daga nan kuma mallakarsa ta yanke. Saɓanin da dokar ta ce a kai kotu shi ne na yawan diyyar. Wanda kuwa ya rushe ko ya sāke kamannin wurin da aka ayyana ba da izini ba, hukuncinsa tarar Naira 1,000 ko ninki biyu na darajar abin, ko ɗaurin wata 12.

Duk wanda ya yi nazarin wannan tsari zai ga giɓi uku. Na ɗaya, mai nema shi ne mai sauraren ƙorafi, alhali ba a zama mai ƙara kuma alƙali a shari'a guda. Gaskiya ne tsarin mulkin 1999 ya ba kowa hakkin a saurare shi da hakkin zuwa kotu, amma manomin Maska da zai ɗauki lauya ya yi ta zirga-zirga zuwa birnin Katsina, tafiyar kimanin kilomita 200, saboda taga guda, ai kuɗin shari'ar ya fi kuɗin ɗakin. Na biyu, dokar matsayi biyu kurum ta sani: ko dai gini ya koma hannun gwamnati ɗungum, ko kuwa a bar shi babu mai kula. Ba ta yi tanadin matsakaicin hali ba, inda mutum zai ci gaba da zama cikin gidan ubansa, ana taimakonsa yana kiyaye wasu ƙa'idoji. Na uku, a wajen aikin hannun 'yan ƙasa, dokar ta ɗauki shekarar 1918 a matsayin iyaka, sai fa abin da ake amfani da shi wajen bukukuwan gargajiya. Wannan iyaka ta bar yawancin tarihin Funtuwa a waje.

Halin da Ake Ciki a Funtuwa da Malumfashi

Wuraren tarihin da aka fi sani a Jihar Katsina duk suna arewa: Gobarau, da tsohuwar Kwalejin Katsina, da Durɓi-ta-Kusheyi, da rijiyar Kusugu a Daura. Sai ka ce kudu ba ta da tarihi. Alhali Maska tsohon gari ne da ya shahara da saƙa da rini, Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina ce. Ita Funtuwa bunƙasarta ta zo ne tare da layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, da kuma cinikin auduga da injinan gurzarta. Zaurukan fatake da gidajen dillalan auduga na wancan zamani su ne littafin tarihin garin, ga shi kuwa duk bayan 1918 aka gina su.

Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, shi ya sa ya zama rumbun masara da dawa da auduga da waken suya. Amma ruwan da ke raya gona shi ne ke cin soro. Rufin ƙasa yana bukatar gyara kowace shekara, indararo ɗaya in ya toshe sai azara ta ruɓe. Gigiyar da ake samun azara daga gare ta ta yi wuya, masu haɗa makuba da katsi kuma sun ƙaranta. Tun daga shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, zuwa yau, duk shekarar da amfanin gona ya yi daraja, za ka ga kwano da bulo da siminti sun ƙaru a Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Dandume. Da yake ba a ayyana irin waɗannan gidaje ba, babu mai hana kowa fasa bango. Matsalarmu a yau ita ce rashin mai kula. Amma kiraye-kirayen a kiyaye kayan tarihi suna ƙaruwa, kuma ranar da hukuma za ta amsa, ina tsoron kada ta zo da sanda kaɗai. Tun ran gini ake zane, tun kafin a yi dokar ya kamata mu faɗi yadda muke son ta kasance.

Hujjar Mai Gida da Hujjar Mai Tarihi

Mai gida yana da hujja mai ƙarfi. Ɗakin da aka gina domin mutum biyu, yau mutum shida ke kwana ciki. Likitoci sun daɗe suna faɗin cewa cunkoso da rashin iska suna taimaka wa yaɗuwar tarin fuka da sanƙarau, mu kuwa muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa da bazara. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, mafi yawansu a Arewa. Wa zai dubi magidanci ya ce masa kyan bango ya fi numfashin 'ya'yansa? Ga bukatar raga saboda sauro, ga hasken da ɗan makaranta zai yi karatu da shi, ga kuma halin rashin tsaro da yankin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya sha fama da shi, wanda ya sa kowa ke son sandunan ƙarfe a tagarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai tarihi shi ma ba a banza yake magana ba. Abin da aka rushe ba ya dawowa. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano domin faɗaɗa hanya, aka gina wata a madadinta, amma kowa ya san sabuwa ba ta zama tsohuwa ba. Haka nan zauren da aka yi masa ɗaurin guga shekara tamanin da suka wuce, in aka fasa fuskarsa aka cusa masa tagar alminiyam, an ɓata zanen, an kuma raunana bangon. Sau da yawa ma gyaran ba ya biyan bukata. Simintin da ake liƙe bakin tagar da shi ba ya kama ƙasa sosai, sai ruwa ya bi bayansa ya riƙa cin bango a ɓoye. Taga mai zamiya rabinta kaɗai ke buɗuwa, gilashi kuwa in rana ta buge shi sai ɗaki ya koma tanda. Mutum ya kashe kuɗin buhunan masara, ya rasa sanyin soro, bai kuma sami iskar da yake nema ba.

Tun da kowane ɓangare yana da gaskiya a hannunsa, ba daidai ba ne a bar ɗayansu ya yanke hukunci shi kaɗai. Wannan shi ne asalin bukatar ɗaukaka ƙara.

Ɗaukaka Ƙara ba Baƙon Abu ba ne

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan taga. Ƙa'idarsu ita ce mutum yana da ikon sarrafa mallakarsa matuƙar bai cuci wani ba, saboda haka aka hana buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan maƙwabci. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, kuma alƙalai kan aike shi ya dubo wurin da ake jayayya a kai kafin su yi hukunci. A 2006 Besim Hakim da Zubair Ahmed sun buga nazarin da ya nuna cewa malaman Daular Sakkwato ma sun yi rubutu a kan irin waɗannan hukunce-hukunce.

A al'adarmu kuma, rigimar gini ko ta iyaka takan fara daga mai unguwa, ta je ga dagaci, ta kai ga hakimi ko alƙali, ana kuma neman shaidar Sarkin Magina a kan abin da ya shafi sana'arsa. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar zuwa gaba, har majalisar Sarki. Malumfashi ma tana da abin tunawa a nan, domin marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya daga 1978 zuwa 1992, shi ya riƙe sarautar Galadiman Katsina daga 1992 har rasuwarsa a 2019. Ƙasar da ta ga irin wannan hakimi ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan amfanin afil.

Shawarwari

Na farko, a yi doka ta jiha wadda za ta san matsakaicin hali. A kasa gidajen tarihi daraja-daraja. A mafi yawansu abin da za a kiyaye shi ne zaure da fuskar da ke kallon hanya, tare da zankwaye da zane. Ɗakunan kwana na cikin gida kuwa a bar wa masu su, su buɗe tagogi yadda lafiyarsu ke bukata.

Na biyu, duk hanin da za a yi ya kasance a rubuce, da Hausa, cikin boko ko ajami, tare da dalili, tare kuma da bayanin abin da aka yarda a yi a madadinsa. A ƙayyade wa hukuma lokacin ba da amsa, in ta wuce shi a ɗauka ta yarda, domin damina ba ta jiran fayil.

Na uku, a kafa kwamitin sauraren ƙara a Funtuwa da Malumfashi, wanda ba ya ƙarƙashin hukumar da ta yi hani. Ya ƙunshi masanin shari'a, da wakilin hakimi, da Sarkin Magina, da malamin tsabta ko likita, da masanin zanen gine-gine. A sa mace a ciki, domin mata su suka fi kowa daɗewa a cikin ɗakunan da ake magana a kai. Kada a karɓi kuɗin ƙara, kada a wajabta lauya, kuma kwamitin ya taka ya ga gidan kafin ya yi hukunci. Inda aka tabbatar lafiya ko rai na cikin haɗari, hujjar mai gida ita za a rinjayar.

Na huɗu, wanda ya hana shi zai taimaka. Idan al'umma ce ke amfana da tsohon zaure, ba adalci ba ne a bar mutum ɗaya da kuɗin yaɓe da azara. A ware wani abu a kasafin jiha da na ƙananan hukumomi domin wannan, a kuma horar da matasa sana'ar ginin ƙasa tun tsofaffin magina suna raye.

Na biyar, a nuna wa jama'a tagar da ta dace da ginin ƙasa. Ƙaramar kafa a sama da wata a ƙasa, a bangaye masu fuskantar juna, suna jan iska fiye da ƙatuwar taga guda. Ƙyauren katako mai raga, wanda aka shigar can cikin kaurin bango, yana ba da iska da inuwa, kafintocinmu kuma suna iya yinsa. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Zariya kusa da mu, ana iya neman gudummawarsa.

Na shida ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa. Kalmomi irin su birji, da laso, da rawani, da bakan gizo, da tufaniya, suna ɓacewa tare da gine-ginen da ke ɗauke da su. Duk ɗalibin da zai yi kundin digiri daga wannan yanki, ga fage a buɗe: ya zauna da magina, ya ɗauki hoto, ya auna, ya rubuta sunan kowane sashe da tarihin kowane zaure. Wannan aiki ba ya jiran doka.

Kammalawa

A cikin wannan maƙala an nuna cewa ƙaramar tagar Bahaushe tana da dalilanta, bukatar mai gida ta yau ita ma tana da nata, dokar 1979 kuwa ba ta yi tanadin yadda za a sasanta su ba. Idan aka zo wa manomi da hani babu afil babu taimako, abin da zai faru sananne ne: da ya ji ƙishin-ƙishin za a rubuta gidansa, zai sa diga ya rushe zauren tun ma'aikata ba su iso ba. Idan kuwa ya san gidansa zai ci gaba da zama nasa, za a taimake shi, za a kuma saurare shi in an ƙware shi, to shi da kansa zai je ya ce a zo a rubuta gidan kakansa. Ina fata malamaina da 'yan'uwana za su auna wannan ra'ayi, wanda ya ga gyara ya kawo a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.